Mun San Jarumi, Mun San Mawaƙiya, To Wa Ya Haɗa Kiɗan?

Kawu Mai Garmaho
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekaranjiya muna kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai muka ci karo da wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado, cike da faya-fayan garmaho. Wajen rabi na Shata ne da Ɗan Maraya, sauran duk na Indiya. Na zaro na Mother India na goge ƙurar da hannun riga, sai idona ya faɗa kan wani suna a ƙasan sunan fim ɗin: Naushad. Ni da na shekara arba'in da ɗoriya ina rera waƙoƙin fim ɗin nan a shago da kan babur, na san Nargis, na san Sunil Dutt, muryar Lata Mangeshkar kuwa ko cikin barci na ji ta zan gane, amma mutumin da ya zauna ya ƙirƙiro karin ban taɓa jin sunansa ba. Sai na ji kamar na shekara ina cin tuwon mutum ban taɓa ce masa sannu da aiki ba.

To ga tambayata ga masana cikinku. Su wane ne masu haɗa kiɗan nan na da, kuma wa ya fi? Ina nufin daga zamanin fim mai baƙi da fari zuwa lokacin da Amitabh ke tashe. Kada a kawo min na yaran yanzu.

Ɗan Fagge
Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya jiƙan Baba. Ai wannan ba tambaya ba ce. R.D. Burman. A rufe zaure kowa ya kama gabansa.

Malam Ɗan Fansho
Amin, Allah ya sa ya huta. Ɗan Fagge, ka bari manya su wanke hannu tukuna.

Kawu, ba laifinka ba ne. Mu a nan mun saba mawaƙi shi ne komai. Shata shi zai ƙirƙiri waƙa, shi zai sa mata kari, shi zai rera, makaɗa da 'yan amshi suna bayansa. Shi ya sa da muka ji waƙar Indiya muka ɗauka ta wanda muka gani a majigi ce. Su kuwa aikin mutum huɗu ne: akwai marubucin baitoci, akwai mai haɗa kiɗa, akwai mai rerawa a situdiyo, sai jarumin da zai zo daga baya ya motsa baki. A cikin huɗun nan mai haɗa kiɗa shi ne ango. Shi ke zaɓar muryar da za ta rera, kuma sau da yawa shi zai fara yin karin, marubuci ya zo ya cusa kalmomi a ciki kamar ana ɗinka wa mutum riga daidai jikinsa.

Sunan da ka gani kuwa, ka faɗo a kan babban gida. Naushad Ali mutumin Lucknow ne, an haife shi a 1919, ya rasu a 2006. Shi ne ya ɗauko kiɗan gargajiyarsu na fada, wanda ake ginawa a kan abin da suke kira raga, ya shigo da shi silima har mai tura baro ya iya rera shi. Ka nemi Baiju Bawra na 1952. Lokacin da aka fara ba da kyautar Filmfare ta finafinan Indiya a 1954, shi ne mutum na farko da ya karɓi ta gwanin kiɗa, kuma da wannan fim ɗin. A ciki akwai waƙar nan "Man Tarpat Hari Darshan", waƙar bautar Hindu ce tsantsa, amma Shakeel Badayuni ne ya rubuta, Naushad ya haɗa kiɗa, Mohammed Rafi ya rera. Musulmi uku. Ban kawo wannan don in ce sun kyauta ko ba su kyauta ba, na kawo ne don ku ga yadda sana'ar take a Bombai a lokacin.

Sai Mughal-e-Azam a 1960. Akwai wani babban malamin waƙar gargajiya, Bade Ghulam Ali Khan, wanda yake ganin waƙar fim ƙasƙanci ce gare shi. Da aka matsa masa, sai ya yanka kuɗin da yake zaton zai kore su: rupi dubu 25 kowace waƙa, a lokacin da Lata da Rafi ba sa karɓar ko dubu ɗaya. Mai fim ɗin, K. Asif, ya ce ya biya. Haka dattijon nan ya shiga situdiyo ba don yana so ba. Ni dai Naushad na zaɓa, kuma ba na jin akwai mai ɗaga ni daga nan.

Hajiya Uwar Biyu
Sannu Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ban san sunayen nan ba sam, mu a zamaninmu mace ba ta zuwa silima, sai abin da aka sa mana a talabijin ko wanda yayyenmu suka dawo suna rerawa a soro. Amma waƙar da Madhubala take rawa a ɗakin madubai a gaban sarki, wadda take cewa ta yi so ba ta tsoron kowa, ita ma ta wannan Naushad ɗin ce?

Malam Ɗan Fansho
Tasa ce Hajiya, "Pyar Kiya To Darna Kya". Ana ba da labarin cewa da yake babu na'urar sa amsa-kuwwa a lokacin, sai ya sa Lata ta rera wani sashe a makewayin situdiyo don muryar ta riƙa dawowa.

Hajiya Uwar Biyu
Ikon Allah. Mu muna nan muna hawaye ashe a makewayi aka yi ta.

Na Damagaram
Ina gaida Malam da Kawu. Da girmanka Malam, amma Naushad na masu ilimi ne. Ku tambayi duk wanda ya yi layin tikiti a nan Zinder ko Maraɗi, ko ku can Kano, waƙoƙin da ya haddace na wa ne? Amar Akbar Anthony, Dharam Veer, Sargam, Karz, Bobby, Ek Duuje Ke Liye, har fim ɗin macijiya na Sridevi. Duk Laxmikant-Pyarelal ne. Su ne suka gane cewa talaka ganga yake so ya ji tana dukan ƙirjinsa. Sun ci Filmfare sau 7, huɗu daga ciki a jere daga 1978 zuwa 1981. Kuma tun suna yara, da fim ɗin Dosti na 1964, wanda babu wani sanannen jarumi a ciki sai makaho da gurgu, suka kayar da Sangam na Raj Kapoor. In ana maganar wanda ya shiga gidajen Hausawa, ba a kai su ba.

Ɗan Fagge
Na Damagaram, yawa ba shi ne kyau ba. Su biyun nan kamar injin markaɗe suke, a zuba musu fim su fitar da waƙa. Ɗauki goma ka saurara a jere ka gaya min in ba ganga ɗaya kake ji ba.

Na Damagaram
To kalangun Shata kala nawa ne? Ka taɓa gajiya da shi?

Ɗan Fagge
Ka ci wannan. Amma ban sauka ba.

Bazazzagiya
Ina wuni iyayena. Ni ƙarama ce a nan, a waya na san waƙoƙin nan ba a silima ba, amma a ba ni dama in ce wani abu game da maganar kyaututtuka, don na ga an fara ƙirga su. In da kyauta ake auna gwani, to Shankar-Jaikishan sun gama da kowa, don sau 9 suka ci. Sai dai ku duba da me suka ci. Shekarar Mughal-e-Azam su aka ba, da Dil Apna Aur Preet Parai. Shekarar Guide na S.D. Burman su aka ba, da Suraj. Shekarar Pakeezah ma su aka ba, da wani fim Be-Imaan da yau ba mai tuna waƙa ɗaya daga cikinsa. Abin ya yi wa Pran ciwo, shi da ya fito a Be-Imaan ɗin kuma aka ba shi tasa kyautar, har ya ƙi karɓa, ya ce an zalunci Ghulam Mohammed mai kiɗan Pakeezah. Shi kuwa bawan Allah ya riga ya rasu tun 1968, bai ma ga fitowar fim ɗin ba.

Nawa gwanin Madan Mohan ne, kuma bai taɓa cin Filmfare ba ko sau ɗaya. A Bagadaza aka haife shi a 1924, ya yi aikin soja kafin ya shiga kiɗa. Matsalarsa ita ce waƙoƙinsa su yi tashe, finafinan su faɗi. Ku sa "Lag Ja Gale" ta Woh Kaun Thi da daddare bayan an ɗauke wuta ku ji. Babu hayaniya, babu tarin ganguna, goge ne kawai yake bin muryar Lata a hankali kamar mai rakiya. Ya rasu a 1975 yana da shekara 51. Kusan shekara 30 bayan haka ɗansa ya fito da karin waƙoƙin da ya bari a kaset bai yi amfani da su ba, da su aka yi waƙoƙin Veer-Zaara a 2004. Wato yaran da suke kuka a kan Shah Rukh Khan da Preity Zinta, kiɗan mamaci suke yi wa kuka ba su sani ba.

Kawu Mai Garmaho
Kai 'yata, wa ya koya miki duk wannan? Allah ya yi albarka. Veer-Zaara ai matata ta kalle shi ya fi sau goma.

Bazazzagiya
Amin Kawu. Kakata ce ta jawo min, ita ce mai sa ni in nemo mata su a waya.

Malam Ɗan Fansho
Yarinyar nan ta yi magana. Sai dai kada a yi wa Shankar-Jaikishan rashin adalci saboda laifin alƙalai. Mutanen nan daga Barsaat na 1949 suka fara, kuma shekara ashirin suna riƙe da kasuwa. Ba 'yan uwa ba ne, abokai ne da suka haɗu wajen neman abinci, Raj Kapoor ya ɗauke su, ya haɗa su da marubuta biyu, Shailendra da Hasrat Jaipuri. "Awaara Hoon" ta 1951 da Mukesh ya rera ta tsallaka har Rasha da Sin da Turkiyya, mutanen da ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hindi suna rera ta, kamar dai mu. Su ne kuma suka yi wa Shammi Kapoor waƙar ihun nan ta Junglee, su ne masu "Baharon Phool Barsao" da har gobe ake sa wa ango a bikin Indiya. Mutum ya iya sa ka kuka da Mukesh ya juyo ya sa ka tsalle da Rafi, ai ba ƙaramin gwani ba ne. Abin da ya faru shi ne Jaikishan ya rasu a 1971, Shankar ya ci gaba da aiki da sunansu su biyu, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sabon Shiga
Don Allah ina A.R. Rahman a lissafin nan?

Shugaban Zaure
Ƙanena, karanta tambayar Kawu daga sama. Rahman a 1992 ya fara da Roja. Ka buɗe masa nasa zaren, za mu zo.

Mai Fiyano
Salam. Ni sana'ata ce haɗa kiɗa a situdiyo, don haka bari in faɗi abin da nake ji in na sa waƙoƙin nan a kunne, wanda mai sauraro kawai ba lallai ya lura ba.

Mu yau mutum ɗaya ne da fiyano da kwamfuta. In mawaƙi ya yi kuskure a baiti na uku, baiti na uku kawai za mu sake. Su kuwa a ɗaki ɗaya ake tara kowa, masu goge kaɗai su kai talatin ko arba'in, ga masu tabla da dholak, ga sarewa, ga sitar, ga 'yan amshi, ga mawaƙiya a gaban makirfo. A ɗauka daga farko har ƙarshe a tashi ɗaya. Mai sarewa ya yi tari a minti na huɗu, kowa ya koma farko. Shi ya sa ake yin kwanaki ana gwaji kafin ranar ɗauka. Wannan numfashin da kuke ji a waƙoƙin, kamar kiɗan yana ja yana saki tare da mawaƙin, daga nan yake. Kwamfuta ba ta ja ba ta saki, a kan layi take tafiya kamar jirgin ƙasa.

Sannan akwai wasu mutanen da ko a faifan Kawu ba za a ga sunansu ba. Yawancin masu haɗa kiɗan nan ba su iya rubuta kiɗa a takarda irin na Turawa ba, a ka suke riƙewa. Masu rubuta wa makaɗa arba'in abin da kowa zai kaɗa Kiristocin Goa ne, waɗanda suka koya a makarantun coci tun zamanin mulkin Fotugal. Sebastian D'Souza shi ne ke yi wa Shankar-Jaikishan wannan aikin shekara da shekaru. Na Damagaram, waƙar da Amitabh ya fito daga cikin ƙaton ƙwai a Amar Akbar Anthony yana cewa sunansa Anthony Gonsalves, ka san sunan mutum ne na gaske? Shi ne ya koya wa Pyarelal goge yana yaro, ɗalibin ya saka wa malaminsa ta wannan hanyar.

Na Damagaram
Wallahi ban sani ba. Ka ga mutanena akwai halacci.

Ɗan Fagge
To tunda mai sana'a ya shigo, Mai Fiyano ka faɗa musu gaskiya tsakani da Allah. A cikin duk waɗanda aka lissafa, wa kuke kwaikwayo a situdiyo yau? Wa ya fara buga cokali a jikin kofin gilashi ya zama kiɗa a "Chura Liya"? Wa ya sa aka hura kwalba a farkon "Mehbooba" ta Sholay, ya kuma rera ta da bakinsa? Teesri Manzil a 1966, Padosan, Kati Patang, Amar Prem, Hare Rama Hare Krishna, Yaadon Ki Baaraat. R.D. Burman da ya yi "Dum Maro Dum" shi ne kuma ya yi waƙoƙin Amar Prem masu sanyi kamar ruwan randa, kusan a shekara ɗaya. Ni a Sholay na fara saninsa, yayana ya saɓa ni a wuya muka shiga Plaza, da aka zo "Yeh Dosti" duk silimar ta ɗauka, har masu sayar da rake a waje.

Kuma abin tausayi, mutumin nan a ƙarshen shekarun 1980 kasuwa ta juya masa baya, masu fim suka daina zuwa ƙofarsa. Ya yi 1942: A Love Story, ya rasu a Janairun 1994 kafin fim ɗin ya fito. Sai bayan ya mutu aka ba shi kyauta a kai.

Malam Ɗan Fansho
Ɗan Fagge, tunda kai ka kawo "Mehbooba", gaya wa jama'a daga ina ya samo ta.

Ɗan Fagge
Na san nan za ka je Malam.

Malam Ɗan Fansho
Ai dole. Mawaƙin Girka Demis Roussos yana da waƙa mai wannan karin sak kafin Sholay ya fito. Duk mai shakka ya nema ya saurara. Wannan ba aro ba ne, ɗauka ce.

Mai Fiyano
Malam gaskiya ne, amma a yi adalci. Shi ma Bagirken daga wata tsohuwar waƙar gargajiya ta tsibirin Kubrus ya samo. Kuma ba R.D. kaɗai ba ne. Salil Chowdhury, wanda kowa ke girmamawa saboda Madhumati da Anand, ya ɗauki karin Mozart ya yi "Itna Na Mujhse Tu Pyar Badha" a fim ɗin Chhaya na 1961, bai kuma ɓoye ba. Ni abin da nake dubawa shi ne me ka yi da abin da ka ɗauko. Wani zai ari riga ya sa ta yadda take, wani zai farke ta ya sake ɗinki har mai ita ya gan ta bai gane ba.

Kuma mu Hausawa a yi mana shiru a maganar nan. Waƙoƙin finafinanmu nawa ne aka ɗora a kan karin Indiya? Tun kafin finafinan ma, 'yan bandiri a Kano suna ɗaukar karin waƙoƙin Rafi da Lata su zuba baitocin begen Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, har akwai masu kiran kansu Ushaƙu Indiya. Daga baya kuma Amurkawa suka juyo suna ɗiba daga Indiya, ƙungiyar Black Eyed Peas ta ɗauki kiɗan Kalyanji-Anandji na fim ɗin Don ta yi waƙa da shi a 2005. Kari ba shi da fasfo.

Malam Ɗan Fansho
Ba shi da fasfo, amma yana da uba. A riƙa faɗin sunan uban.

Hajiya Uwar Biyu
Ku dakata da faɗan nan in tambaya. Kiɗan macijiya fa, wanda in aka busa sai ta fito tana rawa? Muna yara har tsoron sa shi muke da daddare, wai maciji zai shigo gida.

Mai Fiyano
Hajiya, asalinsa daga Nagin ne na 1954, kiɗan Hemant Kumar. Abin dariyar shi ne ba algaitar masu wasa da maciji ba ce aka busa. Wata 'yar na'ura ce mai kama da fiyano da ake kira clavioline, Kalyanji ne ya danna ta tun kafin ya zama mai gidan kansa tare da ƙaninsa Anandji. Wato kakan fiyanon da nake ci da shi ne ya hana ku barci.

Hajiya Uwar Biyu
Yau na ga ta kaina. Waccan a makewayi, wannan kuma ba algaita ba. Ku bar min sauran yadda na san su don Allah.

Bazazzagiya
Kawu Ɗan Fagge, ina da ƙorafi a kanka. Ka yi ta yabon ɗa ka manta uba. S.D. Burman, mahaifin R.D., jinin sarautar Tripura ne, ya bar gidan sarauta ya bi waƙoƙin masunta da masu kwalekwale na Bengal. Shi ya yi Pyaasa, ya yi Kaagaz Ke Phool, ya yi Guide. Yana da shekara sittin da ɗoriya ya yi Aradhana a 1969, fim ɗin da ya ɗaga Kishore Kumar da Rajesh Khanna sama lokaci guda, har kasuwar Rafi ta yi sanyi na wasu shekaru. Tsoho ya yi waƙar da samari suka haukace a kanta, wannan ai ya fi a buga cokali a kofi.

Ɗan Fagge
'Yata, ɗan yana cikin situdiyon a matsayin mataimaki lokacin Aradhana, kuma mutane da yawa suna cewa hannunsa ne a "Roop Tera Mastana". Saurari kiɗan da kyau ki gaya min ko na tsoho ne.

Bazazzagiya
Sunan wa aka rubuta a faifan?

Ɗan Fagge
Yaran yanzu ba kunya.

Malam Ɗan Fansho
Gyara kaɗan a kan maganar Rafi, kada a ɗauka R.D. ya binne shi. Da waƙar R.D. ɗin ce, "Kya Hua Tera Wada" ta 1977, Rafi ya ci kyautar gwamnatin Indiya ta gwanin mawaƙi. Ya rasu ranar 31 ga Yulin 1980, cikin azumi. Na tuna a rediyo na ji, ina aji ina koyarwa washegari raina ba daɗi kamar an yi min rasuwa a gida.

Kuma akwai wanda ba a ambata ba, O.P. Nayyar, mai kiɗan nan da ke tafiya kamar sukuwar doki a kan kwalta, ku tuna Dilip Kumar a kan keken doki a Naya Daur. Shi kaɗai ne a cikin manya ya yi zamaninsa kaf bai taɓa sa Lata ta rera masa waƙa ba. A lokacin da ake ganin fim ba ya sayuwa sai da muryarta, shi ya riƙe Geeta Dutt da Shamshad Begum da ƙanwar Lata, Asha Bhosle, kuma ya yi tashe. Taurin kai ne, amma irin wanda nake so.

Na Damagaram
Malam, ashe kai ma kana son ganga, kake ɓoyewa a bayan raga.

Malam Ɗan Fansho
Ban ce ba na so ba. Ai ministan watsa labaransu ne ya ce ba ya so. B.V. Keskar, a 1952, ya ga waƙoƙin fim suna lalata tarbiyya, ya matse su a gidan rediyon gwamnati, ya ce a riƙa sa na gargajiya. Sai jama'a suka murɗa akwatinsu zuwa Rediyon Ceylon, wato Siri Lanka ta yau, inda Ameen Sayani yake gabatar da Binaca Geetmala duk ranar Laraba, yana jera waƙoƙin da suka fi tashe. Da gwamnati ta ga an watse an bar ta, a 1957 ta buɗe tashar Vividh Bharati ta dawo da abin da ta hana. In labarin ya yi muku kama da wani abu da kuka sani a kusa, ni ban ce komai ba.

Shugaban Zaure
Malam, a tsaya a Indiya don Allah. Kada a jawo mana.

Kawu Mai Garmaho
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tun da kuka fara nake zaune da adakar nan a gabana ina duba sunayen da kuke faɗa ɗaya bayan ɗaya. Naushad guda uku na samu. Shankar-Jaikishan sun fi kowa yawa, guda bakwai. Akwai O.P. Nayyar ɗaya, S.D. Burman ɗaya. Ɗan Fagge ka yi haƙuri, naka gwanin babu ko ɗaya, da alama Baba ya daina saye kafin ya yi tashe.

Amma akwai wani faifai da ya fi duk sauran cinyewa, har layukan jikinsa sun yi fari saboda yawan sawa, an kuma naɗe shi daban a cikin tsohon ɗankwalin mahaifiyarmu. Rani Rupmati. Sunan da ke jiki S.N. Tripathi, kuma duk cikinku babu wanda ya ambace shi. Da na karanta sunan waƙar, "Aa Laut Ke Aaja Mere Meet", sai na tuna ita ce Baba yake yi ƙasa-ƙasa in yana gyaran kekensa da safe.

Malam Ɗan Fansho
Kai. Kawu ka kama mu duka. Tripathi mai finafinan tarihi da na sarakuna da aljanu ne, masu rabon kyauta ba sa kallon irinsu. Shi ya ba da umarnin fim ɗin, shi ya haɗa kiɗan, Bharat Bhushan da Nirupa Roy suka fito, Mukesh ya rera waƙar, akwai kuma wadda Lata ta yi. Fim ɗin ya yi farin jini a ƙasar Hausa ƙwarai, iyayenmu sun san shi fiye da rabin waɗanda muka yini muna musu a kansu.

Hajiya Uwar Biyu
Wayyo, Rani Rupmati! Yayata har sunan ta ci a unguwa saboda gashinta. Kawu don Allah in ka sa shi ka ɗauko mana a waya ka turo, da ƙarar allurar da komai.

Kawu Mai Garmaho
Hajiya ai matsalar ke nan. Garmahon yana nan, na ba shi wani yana juyawa lafiya, amma babu allura ko ɗaya a gwangwanin.

Ɗan Fagge
Kawu akwai wani dattijo mai gyaran tsofaffin rediyo a wajenmu, na taɓa ganin irinsu a shagonsa cikin kwalbar man shafawa. Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa bayan la'asar. In na samo, sharaɗina ɗaya: ni ma a bar ni in kawo kaset ɗin Sholay.